Bindigar da Ta Hana Ummanku Komawa Kano

Zainab, ke kika faɗi maganar ranar ɗaurin auren Mubarak, a gaban dangi, kina dariya. Kika ce, "Ai Abba ne ya riƙe mana Umma a Dubai, ya hana ta dawowa." Kowa ya yi dariya, ni ma na taya ku, na haɗiye maganar tare da lomar shinkafa. Amma na san irin dariyar da ake naɗe gaskiya a cikinta. To yau rubutun tarihina ya kawo ni wannan shekarar, kuma ba zan tsallake ta ba. Ku ukun ku ji yadda aka yi, in ya so kowa ya yanke nasa hukuncin.

Shekarar da autarmu Hafsa ta tafi jami'a ce. Kun san fulat ɗinmu na Al Khabaisi, ɗaki biyu da falo, wanda lokacin da kuke nan sai an yi layin banɗaki da safe kamar a tashar mota. Da Hafsa ta ja akwatinta ta fita, sai gidan ya yi mana yawa. Ni dai ina da wurin zuwa, in tafi asibiti in wuni ina ɗaukar hoton ƙashin mutane, ina ce musu su riƙe numfashi kada su motsa. Ummanku fa? Matar da ta riƙe makarantar 'yan mata a Kano, wadda gyaran muryarta kaɗai ke sa aji ya yi tsit, ta ajiye aikin ta biyo ni saboda ku, ga shi ku ɗin kun watse. Sai ta tuƙa tuwon mutum biyar mu ci na mutum biyu, sauran ya tafi firij. In dawo da yamma in same ta a bakin taga tana kallon motoci, talabijin na ta surutunsa ba mai saurare. Ba ta yi mini ƙorafi ba. Da ma ta yi da ya fi mini sauƙi, don duk wanda ya san Ummanku ya san shirunta ba lafiya ba ne.

Sai kwalaye suka fara shigowa gidan. Ta je kasuwar Al Sabkha ta sayo manyan kwalayen nan na 'yan kago masu aika kaya gida, ta shiga ɗaure kaya. Yau keken ɗinki ya ɓace daga lungunsa, jibi manyan tukwane sun bi shi. Ran nan na yi tuntuɓe da wani kwali a ƙofar ɗaki, na kasa haƙuri.

"Hajiya, ƙaura muke yi ban sani ba?"

"Ni ce zan yi, Abban Hafsa. Bayan Babbar Sallah zan koma gida. Zainab na da ciki, Inna ta tsufa, ni kuma me nake yi a nan? Gadin bango? In ka gama aikinka ka same ni."

Me zan ce? Gaskiya duk tana wajenta. Kwantiragina da sauran shekaru a gaba, kuma karatun Hafsa a kan albashin nan yake tafiya, ba halin in bi ta. Na ce, "Allah ya kai mu," kamar wanda aka gaya wa ranar kasuwa. Har ni na saya mata tikitin da hannuna. Amma bari in faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: tsoro ne ya kama ni. Tun da aka kawo mini ita ban san yadda ake buɗe ƙofar gida a tarar ba kowa ba, kuma ban ga alamar zan iya koya da furfura ba.

Ranakun Asabar su suka fi yi mini wuya, don ba aiki, sai in zauna ina jin ƙarar salatif tana ja tana yagewa. A wannan halin ne Issaka ya tare ni a ƙofar masallaci. Issaka mutumin Zangon Kumasi ne, wani dogo mai fara'a, yana aiki a wani kulob na wasan harbi da ke can bayan gari ta wajen sahara, shi ne mai kula da tsaro a filin harbin. "Masa" yake ce mini, wato maigida a bakin mutanen Kumasi. Ya sha jin ina cika baki cewa mahaifina shi ne Sarkin Bakan garinmu, a gefen dajin Falgore.

"Masa, kullum babanka maharbi ne, babanka maharbi ne. Zo ka nuna mana jinin."

"Issaka, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ka shirya takardu da yawa."

Shiga kulob ɗin ba kamar shiga majalisar shan shayi ba ne. Sai da suka karɓi katin zamana, jami'an tsaro suka yi bincikensu, na jira har na fara mantawa, sannan aka kira ni. Bindigar ma ba taka ba ce, a can take kwana, a can za ka bar ta. Ranar farko Issaka ya shigar da ni wani dogon zaure mai sanyi, an raba shi layi-layi, ya ɗora mini abin toshe kunne da tabarau, ya karanta mini doka fuska a murtuke kamar bai taɓa sanina ba: bakin bindiga kullum yana kallon gaba, yatsa ba ya kusantar kunama sai an shirya harbi. Ya maƙala takarda mai baƙin da'ira a tsakiya, ya danna wani maɓalli, ta bi waya ta tafi can nesa. Na ɗauki ƙaramar bindigar nan, na ji ta kamar abin wasan yara in aka gwada da ta kakanku. Na yi bismilla, na juye mata harsashin duka. Da takardar ta dawo, Issaka ya ɗaga ta sama, ya duba gaba ya duba baya.

"Masa, wannan za mu iya sayar wa wani. Sabuwa ce fil."

Haka muka yi ta yi. Na fara samun takardar, amma kullum a gefe, can ƙasa ta hagu, baƙin tsakiyar nan kuwa kamar an yi masa asiri. Issaka ya ce zabura nake yi in zan ja kunama, na ce shi ne idonsa ke zabura. Ni da nake wuni ina hana mutane motsi, a ce ni ne mai motsi? Amma duk da haka wallahi daɗi nake ji. Warin albarushin nan in ya bugi hancina sai in ga tsakar gidanmu, in ga Baba zaune a kan buzu yana goge bindigarsa da man gyaɗa. Kuma in mutum ya tsaya a layin nan, kunne a toshe, ba abin da ya rage a duniya sai numfashinsa da ɗigon baƙin can. Ba tikiti, ba kwali. Sai in dawo gida ina fito, in ci tuwon mutum biyu ni kaɗai.

Ummanku ba ta ga abin dariya ba. Da na faɗa mata inda nake zuwa, ajiye ludayi ta yi.

"Da girmanka? Mutane a gida suna kwana a daji don gudun ƙarar bindiga, kai kuma kana biya don ka ji ta."

Maganar ta dake ni, don ba ƙarya ta yi ba, dangin kakarku na wajen Birnin Gwari har sau biyu suna tashi daga ƙauyensu. Na ce mata takarda muke harbi, wasa ne kamar kokawa ko langa, har tsofaffin mata na zuwa. Ta ce tsofaffin matan ma Allah ya shirye su. Daga nan in na dawo ina fito takan bi ni da kallo.

Abin da ya kai ta wurin ba lallashina ba ne, esi ne, na'urar sanyaya ɗaki. Wata Asabar a tsakiyar zafin nan na Dubai da ko tsuntsu ba ya fita, esin fulat ɗin ya mutu, mai gyara ya ce sai yamma, inshallah, kuma kun san inshallah ɗin masu gyara. Kafin azahar gidan ya zama tanda. Na ɗauki makullin mota, sai na ga ta yafa mayafi.

"Wurin naku akwai sanyi?"

"Har da bargo ake so."

"To mu je. Sanyin zan sha, kada ka ɗauka wani abu ne."

Ta zauna a bayan gilashi inda baƙi ke zama, hannu a harɗe. Ni kuwa da na san ana kallona na gyara tsayuwa, na buɗe ƙafa, na yi harbin da nake ganin ban taɓa yin irinsa ba. Takarda ta dawo, ramukan suna nan a ƙasa ta hagu, inda suka saba. Na fito ina laluben uzuri, sai na tarar tana murmushi, irin murmushin da take yi in ta kama ɗaliba da amsa a tafin hannu.

"Abban Hafsa, ka san harbin Baba kake yi?"

"Wane Baban?"

"Babanka mana. Kana gama aunawa sai ka kawar da fuska, ka ba bindigar kunci. Ranar da aka kai ni ƙauye gaishe su ina amarya, da ya buga bindiga don murna, haka ya yi. Ya miƙe hannu can, ya juya kai. Ina leƙe ta cikin mayafi na gani."

Sai na nemi kujera na zauna. Bindigar kakanku bindigar toka ce, irin wadda ake ce wa harba-ka-ruga, maƙerin gari ne ya ƙera ta, ana ɗura mata albarushi ta baki. A kumatunsa na dama akwai ɗigo-ɗigon baƙi da ya tafi da su kabari, na ranar da wata bindigar ta yi masa tofin albarushi. Da ya fara ba ni ita ina yaro, tafin hannunsa ya sa ya juya mini kai, ya ce, "Ka auna da ido, in ka gama aunawa ka ɗauke idon. Wannan ba ta da amana, gara ta ci kunne da ta ci ido." Na manta da maganar ƙaf, ashe wuyana bai manta ba. Issaka ya ga ina juya kai amma bai san dalili ba, ni na san dalili amma ban san ina juyawa ba. Sai wadda ta san mu duka biyu, ni da tsohon. Daɗi ya kama ni, kewar Baba ta kama ni, kunya kuma ta sa na ce abin da bai kamata mai hankali ya ce wa Ummanku ba.

"In da sauƙi ai sai ki gwada."

Ta miƙe. Issaka ya yi mata rajistar baƙi, ya karanta mata dokar nan tasa, ita kuma ta sa shi ya maimaita guda biyu don ta tabbatar, kamar ita ce mai jarraba shi. Ta gyara ɗaurin mayafinta, ya ɗora mata abin kunne a kai, ta riƙe bindigar da hannu biyu. "Shwaiya shwaiya, Madam," in ji shi, wato a hankali. Ina tsaye a gefe ina kallon idonta. Bindiga ta tashi, ƙwanson harsashi ya yi tsalle, idon nan ko ƙiftawa bai yi ba. Ta ajiye bindigar a hankali, bakinta na kallon gaba yadda aka ce, ta ja da baya, sai ta fashe da dariya. Dariyar nan tata ta da, wadda take dafe ƙirji tana neman bango. Rabona da jin ta tun kuna gida. Ba ta sami tsakiya ba, amma ramukanta sun taru wuri ɗaya, tafin hannu zai rufe su. Issaka ya dube ni, da Hausarsa ta Zango da ba ta raba mace da namiji, ya ce, "Masa, Madam ya iya. Kai ne ka auri jinin." A mota na tambaye ta yadda aka yi ba ta ƙifta ba, ta ce macen da ke zira wa idonta tsinken kwalli kowace safiya tun tana yarinya, ƙara ce za ta ba ta tsoro?

Ta shiga kulob ɗin da sharaɗinta: ba za ta taɓa harbin takarda mai siffar mutum ba, sai mai da'ira, kuma har ta bar wasan ba ta karya ba. Tana zuwa safiyar mata a tsakiyar mako, ita kaɗai a tasi, mu je tare ran Asabar. Ta yi ƙawaye, wata tsohuwa 'yar ƙasa mai kiranta habibti, wato masoyiyata, da wata nas 'yar Filifin, har ta fara yi musu dambun nama. Tuwon mutum biyar ya sami masu ci. Ni kuma ta mayar da ni ɗalibi. A falo take tsayar da ni, in miƙe hannu da dutsen guga ina auna makunnin fitila, ta dafa kumatuna da tafin hannunta, in na natsu sai ta saki murfin tukunya a kan tayil. In na zabura ta ce, "Sake." Maƙwabcinmu Ba'indiye har ya ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaya ko lafiya, ya same mu muna dariya kamar yara. Murfin tukunyar daga cikin kwali ta ciro shi. Na gani, zuciyata ta yi tsalle, ban ce komai ba. Da muka gama ta mayar da shi, ta sake liƙe kwalin, zuciyar ta koma inda take.

Kafin in kai ku ƙarshe, kada ku ɗauka ban san abin da zamanta ya ci ba. Zainab, kin gyara mata ɗaki, kin yi cikin fari ba uwa a kusa, sai da haihuwa ta zo ta je ta yi miki jego ta dawo. Hafsa ta saka hoton Ummanku da bindiga a zauren dangi na waya, Kawunku Sani ya yi fushin da har Sallah ta zagayo bai ɗauki wayarta ba, yana cewa na lalata masa ƙanwa. Shi wannan ya wuce. Wanda bai wuce ba shi ne Inna. Ummanku ta je ta gan ta lokacin jegon, amma shekarar da ta yi niyyar zama kusa da ita ba ta samu ba, kuma ita ce shekarar Inna ta ƙarshe. Ta yi kuka, har yau takan yi, ni ma ina ɗauke da rabona na wannan nauyin.

Asabar ta ƙarshe kafin Sallah, muka fito daga kulob da la'asar. A ranar ne na fara huda baƙin tsakiya, har Issaka ya rungume ni, amma farin cikin bai kai mini ciki ba, don tafiyarta saura kwanaki. Na kwana biyu ina shirya jawabin dattako, irin na namijin da ba ya tauye matarsa. Da muka hau babban titi, idona a kan hanya, na fara.

"Hajiya, na ga kina jin daɗin wurin nan, amma kada ki ji nauyina. Ki tafi abinki, zan iya. Akwai masu tuwo a Al Buteen, wanki kuma inji ne ke yi."

"Tsaya da motar."

"A nan?"

"Ga gidan mai can. Shiga."

Na shiga na faka a gefe. Ta juyo gaba ɗaya ta fuskance ni.

"Tun yaushe nake ɗaure kaya a gabanka? Ka saya mini tikiti, har da zaɓar mini kujerar taga. Yanzu kuma ka samo masu tuwo. Wato duk zaman nan namu tuwo ne da wanki?"

"Ba haka nake nufi ba. Inna, da Zainab..."

"Inna uwata ce, Zainab 'yata ce, na fi ka sanin nauyinsu, kuma ni zan ɗauka. Kai nake tambaya. Kalle ni. Ba famfon mai na ce ba, ni. Ka faɗi abin da ke ranka idonka a kaina."

Na juyo. Wallahi riƙe bindigar ya fi sauƙi. Na dubi idon nan mai kwalli da ba ya ƙiftawa, na kira ta da sunanta, abin da na daɗe ban yi ba.

"Rabi, kar ki tafi. Ba zan iya ba."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta sa gefen mayafinta ta goge mini fuska, don abin kunya ya riga ya faru, dattijo da furfura yana hawaye a gidan mai.

"To. Khalas, shi ke nan. Tun makon jiya na fasa, na sa Issaka ya saka mu a gasar bibbiyu ta bayan Sallah. Jira nake in ji ko kana da baki. Yalla, ja mota, mutane na kallonmu."

Gasar mun zo na kusa da ƙarshe, kuma ta ce in rubuta cewa makin da na ci ne ya ja mu ƙasa, ga shi na rubuta. Don haka, Zainab, ban ƙaryata ki ba, na ce kar ta tafi. Sau ɗaya na faɗa, bayan ta riga ta yanke shawararta, kuma sai da aka tsare ni aka matse. Da za a mayar da ni wannan shekarar, tun ranar da kwalin farko ya shigo gidan zan faɗa.